Kurtu, Biro da Fensir: Yadda Kyan Rubutu Ya Ratsa Zuriya Huɗu a Gidanmu



A bara, cikin hunturu, makarantar su ɗana ta kira iyaye ganawa da malamai, kamar yadda ake yi a nan Ingila. Shi ne na fari, saboda haka ku yi mini uzuri, ba zan kama sunansa ba. Shekararsa bakwai da 'yan watanni a lokacin, yana aji uku. Malamarsu ta buɗe mini littafinsa ta ce yaron yana da kai, in aka tambaye shi da baki babu wanda ya fi shi amsa, amma abin da ya rubuta sai ta kira shi ya karanta mata kafin ta ba shi maki. A makarantu da yawa na ƙasar nan akwai wata al'ada: yaro yana rubutu da fensir har sai hannunsa ya gyaru, sannan a ba shi wata 'yar takarda da suke kira lasin biro. Kusan duk 'yan ajinsu sun samu, shi bai samu ba. Da ta tuna aikina, sai ta yi murmushi ta ce wataƙila gado ne. Na yi dariya don kada ta ji kunya. A mota muna komawa gida ya yi shiru, sai da muka kusa ƙofa ya ce, "Baba, ni daƙiƙi ne?"

A daren nan na jawo akwatin takardun da na taho da shi daga Haɗeja bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa. Na shimfiɗa abu uku a kan tebur: warƙa ɗaya ta rubutun kakana, wasiƙar da Baba ya aiko mini ina makarantar kwana, da wata takarda da ni kaina na rubuta a asibiti a makon. Malamar ta yi gaskiya da ta ce gado, sai dai gadon da ta gani ba shi ne na asali ba. Rubutun kakana kamar an auna kowane harafi da ma'auni. Na Baba kamar bugun inji. Nawa kuwa kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Abin da ya faru tsakanin waɗannan takardu uku shi ne na ce bari in rubuta wa mujallarmu, don na san ba gidanmu kaɗai ba ne.

Kakana alaramma ne. Kamar gardawan ƙasarmu da yawa, gabas ya tafi neman karatu tun yana saurayi. Na farko ya tafi a ƙasa, daga baya da layin dogo ya isa Nguru a 1930 ya riƙa shiga jirgi a Malam Madori. A tsarin tsangaya ba a ce wa mutum alaramma don ya haddace kawai, sai ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka, izu 60 cif, manyan gwanaye sun bi shi baƙi bayan baƙi suna neman inda ya yi kure. Mutumin da zai yi wannan aiki dole hannunsa ya horu shekara da shekaru, kuma horon yana farawa tun yana kolo, da allo a kan cinya.

Na riske shi da ransa, shi ya fara ɗora mini karatu a zaure, don haka abin da zan faɗa na gani da idona. Yaro ba ya fara rubutu ranar da ya fara karatu. Malam ne ke rubuta masa allo, shi kuma yana zaune a gefe yana kallon hannun malam: inda alƙalami ya sauka, inda ya ja, inda ya ɗaga. Watanni ana haka. Kafin a ba ka alƙalami ka riga ka ga an rubuta kowane harafi sau ɗaruruwa. Bayan nan sai ya sa ni in zana baƙaƙe da yatsa a kan rairayi, manya-manya, in share da tafin hannu in sake. Daga nan sai ya juya alƙalaminsa ya zana mini layi ɗaya a allo da busasshen gindinsa, ba tawada, sai 'yar alama da ake gani in an karkata allon ga haske, ni kuma in bi sawu da tawada. Wannan mataki bai daɗe a kansa ba. Da ya ga na kama, sai ya rubuta layi a sama ya ce in kwaikwaya a ƙasa. Can gaba sai duba takarda a kwafa, can gaba kuma sai da ka.

Abin da ban lura da shi ba sai da na girma shi ne sunayen da malamanmu suka raɗa wa babbaƙu. Duk wanda ya yi makarantar allo yana tuna alu, ambaki, wau, zal. To ku saurari sunayen da kyau. Ambaki, ainun da ya buɗe baki ke nan, wanda ke zuwa a farkon kalma. In ya shiga tsakiya ya rufe sai ya zama an likkafa, don ya yi kama da likkafar sirdi. Mim jaye da lam jaye, waɗanda ake ja su haɗu da na gaba. Ba guje, wadda ta miƙe a kan layi. Shin mai ruwa, ruwan nan kuwa ɗigo ne. Harafin Larabci yana canza siffa gwargwadon inda ya faɗo a kalma, sai malaman Hausa suka ba siffofin sunaye dabam-dabam da harshen da yaro ke ji, kuma sunan kansa yana gaya wa hannu abin da zai yi. Ban san wanda ya ƙago wannan ba, amma ko wane ne ya san yara.

Kayan aikin ma malamai ne. Alƙalamin gamba ko na kara, in ka danne shi baki ya buɗe, tawada ta malale, allo ya ɓaci. Ba sai an ce maka ka sassauta hannu ba, alƙalamin ya riga ya gaya maka. Tawadar kurtu ba ta wuce 'yan baƙaƙe sai ka sake tsomawa, saboda haka gaggawa ba ta da wurin zama. Tawadar allo kuma ta gawayi ce da ƙaro, ruwa yana ɗauke ta. Ka yi mummunan rubutu yau, gobe an wanke, an shanya, allo ya koma fari, babu shaidar da za ta bi ka. Ta takarda dabam ce. Kakana yana jiƙa 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera, ya dafa, ya sa ƙaro. Sai da na yi ilimin sinadarai na gane cewa abin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jima da shi, shi ne ke haɗuwa da ƙarfe ya ba da baƙin da ke kama takarda. Dabarar ɗaya ce da ta tawadar da Turawa suka yi ƙarnoni suna rubuta takardun mulkinsu da ita. Warƙar da ke hannuna baƙinta yana nan daram. Wasullan da jar tawada, hamza da rawaya, fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kamar yadda ake rubuta ruwayar Warshu daga Maroko har ƙasarmu.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar sana'ar ƙauye ce. Borno ta yi suna da kyan rubutun Alƙur'ani tun da daɗewa. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani ɗan Ingila mai suna Bivar ya ga wasu tsofaffin Alƙur'anai na Borno, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da shekarar 1669, da sharhi cikin tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka. Denham da Clapperton, waɗanda suka iso Kukawa a 1823 zamanin Shehu Laminu, labarin tafiyarsu ya nuna ana ɗaukar Alƙur'anan da malaman Borno suka rubuta a ketare Sahara da su a sayar da tsada. Ku duba abin mamaki: takardar kanta daga can take zuwa, yawancinta daga masana'antun Italiya, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta ga rana. Ta shigo fara a bayan raƙumi, ta koma da rubutunmu a kanta da ninkin daraja. Ko da injin buga littattafai ya zo, mutanenmu ba su yarda da baƙaƙen inji ba. Sai aka riƙa ɗaukar hoton rubutun hannu na gwanaye irin su Sharif Bala Gabari na Kano ana bugawa, kuma har yau shi ne a gafakar almajirai da yawa.

Ba zan yi wa zauren kakana kwalliyar da ba tasa ba. Akwai bulala, kuma wani lokaci tana sauka a kan yaron da ba shi da laifi sai ƙuruciya. Akwai kuma abin da ya shafe ni ni kaina. Bahago aka haife ni. Duk lokacin da na miƙa hagu ga alƙalami sai kakana ya zare shi a hankali ya mayar mini dama, ya ɗora hannunsa a kan nawa. Shi bai doke ni a kan haka ba, amma a firamare an doke ni, da gefen rula a kan gaɓoɓin yatsu. Har yau da dama nake rubutu, amma ɗinki a asibiti da jifa duk da hagu nake yi. Ba mu kaɗai muka yi wannan ba. Sarkin Ingila George na shida, mahaifin Sarauniya Elizabeth, bahago ne da aka tilasta wa rubutu da dama yana yaro.

Sai Turawa suka zo. Kano da Sakkwato a 1903, mu kuma Haɗeja a 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada da jama'arsa. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano, a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa. Ku tsaya ku yi tunanin abin da wannan ya yi wa hannun yaro. Da asuba yana ja daga dama zuwa hagu, da hantsi a ce ya ja daga hagu zuwa dama. Ga manyan baƙaƙe ga ƙanana. Ga b da d da p da q, siffa ɗaya ce ake juyawa. A shekarun 1930 kuma, lokacin da Rupert East ke jagorancin aikin littattafan Hausa a Zariya, aka tsayar da baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 ta taimaka wajen yaɗawa.

Amma ga abin da na fahimta daga bakin Baba, wanda ya shiga elementare a farkon shekarun 1950. Malaman boko na farko duk 'yan allo ne, kuma da hannun allo suka shiga aji. Yara kaɗan ne, malam yana iya zagayawa ya tsaya a kan kowa. An fara su da zane a ƙasa, sai allon dutse, sai fensir, sai alƙalamin ƙarfe da ake tsomawa a tawada, da takardar tsotse tawada a gefe. Rubutu darasi ne mai zaman kansa a jadawali, kamar lissafi. Kuma akwai abin da ake nema da shi. A zamanin En'e kyan hannu abinci ne. Malamin haraji, muhutin alƙali, akawun baitulmali, magatakardan hakimi, duk da hannunsu aka ɗauke su, domin rasit da rijistar shari'a da lissafin jangali da hannu ake yin su, kuma Di'o zai duba. Wanda bai samu aikin En'e ba yana iya kafa tebur a bakin gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙa. Baba ya yi aikin akawu har En'e ta zama ƙaramar hukuma a 1976, ya ci gaba har ya yi ritaya.

Ina makarantar kwana, in na aika masa wasiƙar neman kuɗi, kuɗin na zuwa, amma tare da wasiƙar tawa a cikin ambulan, ya bi ta da jan biro. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne barin lanƙwasa. Ya taɓa rubuta mini a gefe cewa baki dabam, baƙi dabam, kuma wanda bai bambanta kafa da ƙafa ba bai gama firamare ba. A lokacin haushi nake ji. Yanzu da na duba wasiƙarsa sai na ga yadda yake zaunar da kowane harafi a kan layi, da yadda tazarar kalmominsa take daidai, duk irin na warƙar mahaifinsa ne, alhali ɗaya ajami ɗaya boko, ɗaya ya nufi hagu ɗaya ya nufi dama.

To ina aka yi ɓarin? A ganina wuri biyu ne, kuma duka biyun alheri ne ya zo da su. Na farko shi ne shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE, da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976. An yi shirin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3. Aka horar da malamai cikin gaggawa, aka cika azuzuwa. Ba don wannan shiri ba, da yawa daga cikin masu karanta mujallar nan da ba su ga ƙofar aji ba, don haka ba zagin sa nake yi ba. Amma lokacin da na shiga firamare a tsakiyar shekarun 1980, ga tsuke bakin aljihun gwamnati ya zo, mun fi 70 a aji, a ƙasa muke zaune, littafi a kan gwiwa. Malam yana rubutu a babban allo ya ba mu baya, jikinsa ya rufe hannunsa. Sai ya matsa mu ga harafi ya riga ya kammala, ba mu ga ta inda aka fara ba. Kowa ya ƙirƙiro hanyarsa. Ni daga ƙasa nake fara a, kuma babu wanda ya lura har na gama jami'a.

Na biyu shi ne biro. Sunan ma na mutum ne, László Bíró, ɗan jarida daga ƙasar Hangari wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938, sannan kamfanin Bic ya fito da mai arha a 1950, ya cika duniya. Biro ba ya malala, ba ya neman kurtu, yana shiga aljihu. Amma sai an tsayar da shi an danna kafin ya kama, kuma komai ka danne shi ba ya kuka. Yaro sai ya shaƙe shi kamar mai riƙe wuyan kaza, hannu ya gaji bayan layi biyar, rubutu ya wargaje. Kuma abin da ka rubuta ya zauna ke nan, babu wankewa. Ragowar abin da ya saura a hannuna makarantar likitanci ta cinye shi, inda muke tsere da bakin malami muna kwafar lacca.

Ana yi wa likitoci dariya a kan rubutu, mu ma muna taya dariyar, amma abin ya taɓa kai mutum kabari. A 1999 wata kotu a Texas ta Amurka ta kama wani likitan zuciya da laifi, saboda ya rubuta maganin Isordil, mai ba da magani ya karanta Plendil, majinyacin ya rasu. A nan Ingila an hana mu taƙaita wasu ma'aunai na magani in muna rubutu da hannu, sai an rubuta kalmar cikakkiya, don harafi ɗaya in ya karkace yana iya kama da sifili, allurar insulin ta ninka sau goma. Ni kaina wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa tsayar da ni a tsakar dare ta ce in karanta mata abin da na rubuta. Na duba, na sake dubawa, sai da na koma ga majinyacin na tuno. Kwamfuta ta rage wannan yanzu, amma jarrabawar da yaranmu ke yi a shekara 16 a ƙasar nan yawancinta har yau da hannu ce, kuma mai maki ba zai kira yaro ya karanta masa ba.

Turawan ma sun yi ta kai da kawowa a kan wannan. A 1935 wata malama mai duba makarantun Landan, Marion Richardson, ta fitar da littattafan koyar da rubutu da suka fara yaro da zane-zane manya, zigizag da lanƙwashe-lanƙwashe, kafin ya taɓa harafi, don hannu ya saba da motsin. Da na gani sai na tuna rairayin zauren kakana. Manhajar Ingila ta 2014 ta wajabta koyar da rubutun hannu, har da haɗa baƙaƙe. 'Yan uwanmu na Amurka kuwa sun ga akasin haka: manhajar bai ɗaya da jihohi da yawa suka ɗauka a 2010 ba ta sa haɗaɗɗen rubutu ba, makarantu da dama suka watsar, sai ga California ta yi doka a 2023 ta dawo da shi. Akwai kuma binciken da Karin James ta Jami'ar Indiana ta buga a 2012 a kan yara 'yan shekara biyar da ba su fara karatu ba. Aka sa su ko dai su rubuta harafi da hannunsu, ko su bi sawunsa, ko su danna shi a kwamfuta, sannan aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna kallon baƙaƙen. Sassan da ke aiki lokacin karatu sun fi motsawa bayan yaro ya rubuta da kansa, fiye da bin sawu ko dannawa. Kakana bai san wannan ba, amma bai bar ni a kan bin sawu ba sai 'yan makonni.

Da duk wannan ilimi a kaina, abin da na fara yi wa ɗana shi ne abin da aka yi mini. Na sayo littafi, na ce kullum shafi guda. In bai yi kyau ba in yage. A mako na biyu ya kifa kai a tebur yana kuka, mahaifiyarsa ta fito daga kicin ta ɗauke littafin. Ta ce, "Dokta, kai da takardar cefanenka sai na kira ka a waya, kai ne mai yage na wani?" Ban sami amsa ba.

Sai na koma na dube shi kamar yadda zan dubi ɗan wani in an kawo mini. Ƙasusuwan wuyan hannu takwas ne, kuma jariri guringuntsi yake zuwa da su, suna ƙarfafa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe sai yaro ya kusa shekara goma ko ya wuce. Iko da gaɓoɓi kuma daga kafaɗa yake farawa ya gangaro gwiwar hannu, sannan yatsu. Shi ya sa babban zane ke zuwa kafin ƙarami, kuma shi ya sa nake jin tausayin 'yan shekara uku da ake ba aikin gida na shafi biyu a makarantun kuɗi na gida don iyaye su ga kuɗinsu na aiki. Na kai shi aka gwada idonsa, wanda kyauta ne ga yara a nan, lafiya lau. Na lura da yadda yake ɗaure takalmi da sa maɓalli da kama ƙwallo, domin kimanin yara 5 zuwa 6 cikin 100 suna da wata matsala ta daidaita motsin jiki wadda ba lalaci ba ce, kuma irin waɗannan ƙwararru suke bukata, ba faɗa ba. Shi ba shi da ita. Abin da yake da shi a fili yake, ni ne ban kalla ba: bahago ne kamar ubansa. Mun bar shi da hagunsa, da dama yake cin abinci, kuma malaman da na tambaya babu wanda ya ce mini rubutu da hagu laifi ne. Amma babu wanda ya koya masa yadda bahago ke rubuta boko. Hannunsa yana bin bayan fensir yana goge abin da ya rubuta, yana kuma rufe masa gani, sai ya lanƙwaso wuyan hannu ta sama kamar ƙugiya.

Gyaran bai da tsada. Takarda ta koma ɓangaren hagunsa, aka karkata kanta zuwa dama, hannu ya zauna a ƙarƙashin layi. Ya riƙa kama fensir da ɗan nisa daga baki don ya ga abin da yake yi. Na sa masa akwati a ƙarƙashin tebur don ƙafafunsa su taka wani abu, da suna lilo. Na roƙi malamarsa ta mayar da shi hagun abokin zamansa don gwiwoyin hannunsu su daina karo, ta yi a washegari. Sannan na kira ƙanena a Haɗeja na ce ya sa a sassaƙo mini sabon allo, da alƙaluman gamba da ƙaro, wani ɗan ƙungiyarmu da ya je gida hutu ya taho mini da su, Allah ya saka masa.

Minti goma kullum, kafin cin abincin dare, ba ƙari. Ni nake fara rubutawa yana kallo, a hankali, wanda ya tilasta mini in koyi fara a daga sama ina da shekara arba'in da wani abu. Muka bi baƙaƙe dangi-dangi kamar yadda makarantarsu ke yi, masu farawa da zagayen c tare, masu saukowa a miƙe tare. Muka raɗa musu sunaye irin na babbaƙu: d mai sanda, g mai ƙugiya, ɗ mai hula, m mai ƙafa uku. Hausarsa ba ta da ƙarfi, sai ga shi sunayen sun zama abin wasa, har ƙanwarsa ta kama. Layi ɗaya a allo, ya zaɓi harafin da ya fi masa kyau da kansa, ni ma in zaɓi nawa, sai ya je famfo ya wanke. Wankin nan ya fi komai yi masa daɗi. Daren da alƙalamin gamba ya fara buɗe baki a hannunsa tawada ta malale, ya dube ni yana jiran faɗa, na ce alƙalamin ne ke cewa ka matsa masa. Daga allon muke komawa fensir da littafi mai layin ja da shuɗi, layi biyu ko uku.

Lasin biro bai zo da wuri ba. Sai ƙarshen shekara ya samu, yana cikin na ƙarshe a ajin, kuma har yanzu in yana sauri rubutun yana komawa gidan jiya. Abin da ya fi lasin tasiri shi ne Hajiya, mahaifiyata. Ita ba ta yi boko tana yarinya ba, ajin manya ta shiga bayan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta jihar Kano a 1980, lokacin Haɗeja tana cikin Kano. Tana karatu a hankali, baƙi-baƙi, da yatsa a kan layi, kuma harafin da bai fito sosai ba ba ta san shi ba. Na ce masa ya rubuta mata wasiƙa da Hausa, ni zan taya shi kalmomi, amma hannu nasa. Ya yi kwana uku a kan layi shida. Ya sake kwafewa sau biyu ba tare da na ce ya sake ba, don ya ce kada Hajiya ta sha wahala. Na ƙara layi biyu na gaisuwa a ƙasa da hannuna, muka ɗauki hoto muka tura wa ƙanena ta WhatsApp.

Da yamma saƙon murya ya shigo. Hajiya ce, tana karantawa da ƙarfi, kalma ɗaya bayan ɗaya, ana jin kaji a tsakar gida. Ta karanta gaisuwar, ta karanta cewa yana aji uku, ta karanta cewa an yi ƙanƙara har an rufe makaranta. Ta tsaya a wuri ɗaya ta ce, "Mai gidana, daki ka rubuta, ɗaki kake nufi ko?" Ya ruga ya ɗauko takardar ya sa wa d hularta. Ta sa masa albarka mai tsawo. Sannan ta yi shiru na ɗan lokaci, muka ji tana juya wayar, ta ce, "Wannan na ƙasan kuma, wanda ya rubuta shi a ce ya kira ni ya faɗa mini da baki."